Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Kwance Akwatin Giyar Ƙaramar Motar Lantarki da Duba Cikinsa

Ƙananan motocin nan masu aiki da batir, waɗanda ake gani a filayen jirgin sama da manyan otal-otal da harabar jami'o'i da asibitoci suna jigilar mutane ko kayan aiki, asalinsu na filin wasan golf ne, kuma kamfanoni biyu da suka fi suna wajen ƙera su, wato Club Car da E-Z-GO, duk suna yankin Augusta a jihar Jojiya ta Amurka, ita ma Yamaha a jihar take haɗa nata. A ƙarƙashin bayan kowace irin wannan mota akwai wani akwati da injin lantarki yake manne a jikinsa, shaf biyu kuma, wato sandunan ƙarfe masu juya taya, suna fita daga gefensa zuwa tayoyin baya. Wannan akwati shi ne giyabos ɗin motar, shi ne kuma bak-aksil ɗinta a lokaci guda. Aikinsa shi ne ya karɓi juyin injin mai saurin gaske ya rage shi a mataki biyu, ta yadda sai injin ya juya kusan sau 12 kafin taya ta juya sau ɗaya, sannan ya raba juyin tsakanin tayoyi biyu ta hanyar difarenshiyal domin motar ta iya shan kwana ba tare da taya ɗaya tana jan ƙasa ba. Babu kuloci a cikinsa, babu giyar ribas, domin idan za a koma da baya injin ne da kansa yake sauya juyi. Wannan sauƙin da yake da shi ne yake sa kanikawa da yawa su raina shi, kuma a cikin shekarun da na yi ina wannan aiki, mafi yawan ɓarnar da na gani a jikin irin wannan akwati ba a kan hanya ta faru ba, a gareji ta faru, a hannun wanda ya zo gyara.

Kuskure na farko, wanda ya fi kowanne cin kuɗi, shi ne a kwance akwatin tun ba a tabbatar shi ne yake da laifi ba. An taɓa kawo mini wata mota daga wani otal, injinta yana juyawa, ana jin ƙararsa sarai, amma motar ba ta motsawa daga inda take. Wanda ya fara taɓa ta ya yanke hukuncin cewa giya ta karye, ya sauke akwatin, ya raba shi biyu, ya tarar da haƙoran giya lafiya lau ba ko ƙwarzane. Da na cire gangar birkin tayar hagu sai ga garin ƙarfe ja-ja-jur da tsatsa yana zubowa a tafin hannuna, ƙananan haƙoran da ke cikin ramin gangar, waɗanda suke kama bakin shaf, sun cinye ƙurmus saboda babban notin da ke riƙe da ita ya daɗe da sassautawa. Shaf yana juyawa a cikin gangar, taya tana tsaye, kuma tun da ɗabi'ar difarenshiyal ce ya tura juyi zuwa ɓangaren da ba shi da nauyi, sai ɗaya tayar ma ta ƙi tafiya. An bar jaki ana dukan taiki, kuma gyaran da bai wuce sauya ganga ɗaya ba ya koma aikin kwanaki. Maganin wannan shi ne a ba motar lokaci kafin a ɗauki sifana. A cire murfin tsakiyar taya a ga ko notin shaf yana juyawa shi kaɗai alhali tayar tana tsaye. A ɗaga bayan motar a juya taya ɗaya da hannu, idan difarenshiyal yana lafiya ɗayar za ta juya ta kishiyar hanya ba tare da sarƙewa ba. Idan kuma motar tana tafiya, a tuƙa ta a saurara da kyau: kukan da yake ƙaruwa da ƙaruwar gudu a miƙaƙƙiyar hanya galibi na boris ne ko na haƙoran giya, wanda ba ya fitowa sai a kwana ya fi karkata ga ƙananan giyoyin difarenshiyal ko boris ɗin taya ɗaya, shi kuwa bugun da ake ji sau ɗaya a lokacin tashi ko lokacin sauya gaba zuwa baya, sau da yawa daga haƙoran da suka haɗa injin da shaf ɗin shiga, wato sandar da ke karɓar juyin injin zuwa cikin akwatin, yake fitowa. Birkin da ke kamawa ma yana yin gurnani da zafi irin wanda ake ɗora wa akwatin giya.

Sai batun wuta, wanda bai kamata a yi sakaci da shi ba don ana ganin motar ƙarama ce. Mafi yawan waɗannan motoci suna aiki ne da wuta mai ƙarfin bolt 36 ko 48, kamar batir shida masu bolt 6, ko shida masu bolt 8, ko huɗu masu bolt 12. Wannan wuta ba ta cika jan mutum da ƙarfi ba, amma idan sifana ta haɗa kawunan batir biyu za ta yi jajur ta narke nan take, zoben azurfa a yatsa kuwa yana iya ƙona naman har ƙashi. Kashe makulli kaɗai bai wadatar ba. A motocin da suke da makunnin nan mai rubutun Tow da Run, ko Tow/Maintenance, dole a mayar da shi kan Tow, wato matsayin jan mota ko gyara, kafin a taɓa wayar batir, sannan a cire wayar da ke kan alamar ragi da farko, a jira kamar minti biyu domin wutar da ta taru a cikin kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa wutar da ke zuwa injin, ta sauka. A cire zobe da agogo. Wajen kwance wayoyin injin kuma, kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne a sa sifana ɗaya a murɗa notin waje kawai, sai ƙarfen da wayar ke zaune a kai ya juya tare da shi ya tsinke haɗin da ke cikin injin, wanda ido ba ya gani sai an gama haɗa komai mota ta ƙi tashi. A riƙe notin ciki da sifana ɗaya, a kwance na waje da ta biyu. A kuma manna wa kowace waya takarda da alamarta kamar yadda take a jikin injin, A1 da A2, da F1 da F2 ko S1 da S2, domin idan aka musanya biyu na ƙarshen nan, direba zai sa gaba mota ta yi baya.

Ba zan tsawaita kan jak ba, domin kowa ya san haɗarinsa: a sa wa tayoyin gaba waigi, a ɗora gangar jikin motar kan ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak shi kaɗai ko bulo, a kuma tuna cewa da zarar an kwance akwatin daga sifirin, nauyin bayan motar ya sauya.

Cire injin daga jikin akwatin yana da wata dabara da ba kowa ya sani ba. A yawancin irin waɗannan motoci masu injin burushi, wato injin da 'yan guntayen gawayi ke kai wa cikinsa mai juyawa wuta, injin ba shi da boris a gefen da yake fuskantar akwatin, kan shaf ɗin shiga na akwatin yake jingine. Idan tsatsa ta kama mahaɗar injin da shaf ɗin, aka ja injin da ƙarfi ko aka sa ƙarfe aka ɓanɓare shi, sai gangar injin ta fito ta bar cikinsa a maƙale, burushi su fita daga mazauninsu, wani lokaci har su karye. A tallafe injin da hannu biyu ko da majanyi domin yana da nauyi, a girgiza shi a hankali, a ja shi a miƙe ba tare da an bar shi ya rataya a bakin shaf ba. A duba cikin ramin mahaɗar, akwai wata 'yar roba da take zama a ƙarshensa a samfura da yawa, ƙarama ce ƙwarai, tana faɗuwa ƙasa a share ta tare da shara, rashinta kuma yana kawo ƙara bayan an haɗa. Mai sayen sabon injin ko sabon shaf ya ƙirga haƙoran mahaɗar tukuna, domin na Club Car haƙori 10 gare shi, na E-Z-GO kuwa 19, ba sa shiga juna.

Yanzu ga wurin da nake ganin an fi yin asarar ilimi, wato wajen zubar da mai. Yaron gareji zai kwance notin ƙasa, mai ya tsiyaye cikin tsohon galan da ke ɗauke da baƙin man motoci goma, ko ma a ƙasa kan yashi, shi ke nan an zubar da shaida mafi ƙarfi game da abin da ya faru a cikin akwatin. A tari man a cikin kwano mai tsabta, farin kwano ya fi, a fara lura da yawansa. Akwatin kamfanin Graziano da ke jikin yawancin motocin Club Car masu lantarki ba ya cin mai fiye da kimanin kashi biyu cikin uku na lita, saboda haka idan abin da ya fito bai wuce rabin kofin shayi ba, an riga an san cewa giya da boris sun daɗe suna gogayya a bushe, kuma dole a nemo inda man ya bi ya fita. Idan man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, ruwa ne ya shiga, ko dai daga ratsa kududdufi a damina ko daga wanki da injin fesa ruwa mai ƙarfi. A karkata kwanon a rana, a zagaya da maganaɗisu a gindinsa. Laushin ƙura mai launin toka da take mannewa kamar kwalli ba abin tayar da hankali ba ce, cin yau da gobe ne. Amma ɓarɓashi mai ƙyalli wanda yatsa ke jin kaifinsa yana nuna boris ko haƙori ya fara ɓarewa, shi kuwa farin gari mai walƙiya da maganaɗisu ya ƙi ɗauka, alminiyon ne, ma'ana wani abu yana cin jikin akwatin kansa, galibi boris ne ya saki yana juyawa a cikin mazauninsa.

Kafin a raba akwatin a wanke bayansa tsaf, musamman a lokacin hunturu da ƙura ke haɗuwa da mai ta zama laka, domin duk abin da aka bari a waje zai faɗa ciki. Amma a dubi inda lakar ta fi jiƙewa kafin a wanke ta, ita ce za ta nuna bakin da yake yoyo. A nan ne kuma ya kamata a duba 'yar ƙofar shan iska a akwatin da yake da ita, domin idan ta toshe, iskar ciki takan kumbura da zafi ta tura mai ta bakin sil, wato zoben robar da ke hana mai fita ta gefen shaf, a yi ta sauya sil sabo bayan sabo yoyo bai tsaya ba.

Wajen zare shaf ɗin taya, wasu sukan yi ta duka da guduma suna zaton tsatsa ce ta riƙe shi, alhali akwai zoben kilif a cikin bakin bututun wanda sai an matse shi da filayarsa ta musamman an fitar da shi. Dukan yana lalata ramin da zoben ke zama, yana kuma murje zaren bakin shaf a irin waɗanda suke da noti. Shaf na dama da na hagu sau da yawa tsawonsu ba ɗaya ba ne, don haka a sa wa kowanne alama.

Raba akwatin biyu shi ne inda gyara yake komawa gyaran gangar auzinawa. Irin akwatin da ake rabawa biyu na alminiyon ne, fuskokinsa biyu kuma an goge su sumul domin su haɗu ba tare da mai ya sami hanya ba. Wanda ya cusa sukurdireba ko cizal a tsakaninsu ya buga, ya bar rami a fuskar har abada, kuma wannan shi ne abin da na tarar a motar otal ɗin da na ambata: wurare uku a bakin akwatin sun lotsa, kowanne da tambarin bakin sukurdireba a jikinsa, daga ranar kuma akwatin da bai taɓa yoyo ba ya fara ɗiga. Idan akwati ya ƙi rabuwa, abu na farko shi ne a sake zagaya shi a ƙirga notuna, domin akan sami ɗaya da ya ɓuya a ƙarƙashin datti. Bayan haka a yi amfani da gudumar roba, a riƙa bugawa kaɗan-kaɗan ana zagayawa, saboda akwai 'yan turakun ƙarfe da suke daidaita ɓangarorin biyu, kuma idan gefe ɗaya ya riga ɗaya tashi sai su cije. Da ya buɗe, kada a yi garajen ciro komai. A ɗauki hotonsa da waya yadda yake, a lura da fuskar da kowace giya take kallo. Haƙoran waɗannan giyoyi a karkace suke, suna sarƙe da juna, shi ya sa giyar tsakiya da difarenshiyal ba sa fitowa ɗaya bayan ɗaya cikin sauƙi, sai an ɗaga su tare. A jera komai a kan tire bisa tsarin da ya fito, na dama a dama, na hagu a hagu, musamman siraran wosha, waɗanda kaurinsu kan bambanta ko da ido yana ganinsu iri ɗaya.

A wanke kayan da kananzir ko man wanki na musamman, a guji fetur a wurin da ake da batir da tartsatsi. Kada a goge fuskar akwatin da samfefa mai kaushi ko injin gurza, a kankare tsohon gam da abin da bai kai alminiyon tauri ba. Akwai kuma wata al'ada da samari ke so, ta hura wa boris iskar kwamfiresa har ya riƙa kuka, wannan yana lalata boris ɗin da yake a bushe, yana iya kuma tarwatsewa ya ji wa mutum ciwo a fuska.

Duba kayan yana bukatar haske da haƙuri, kuma a nan ne ake gane bakaniken da ya san aikinsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a duba gefe ɗaya na haƙoran giya a ce lafiya. A wannan akwati gefe biyun duka suna ɗaukar nauyi, domin ribas da giyoyin nan ake yinsa, kuma a motocin da injinsu yake taya birki yana mayar da wuta cikin batir a gangara, bayan haƙorin yana shan aiki kullum. A bi haƙori ɗaya-ɗaya ana juyawa, ana neman 'yan ramuka kamar na ƙyanda, da wurin da fatar ƙarfen ta ɓare, da bakin da ya gutsure, da launin shuɗi ko na ƙasa-ƙasa da ke nuna zafi ya yi yawa. A gwada da farce, duk gurbin da farce ya maƙale a cikinsa ya wuce a yi masa uzuri. Idan giya ɗaya ta lalace, a dubi abokiyar tafiyarta da idon zargi, domin sabuwar giya a kan tsohuwar da ta cinye ba ta daɗewa, kukanta kuma ba ya ƙarewa. Boris a ɗiga masa ɗan mai a juya shi a hankali da yatsa ana danna shi, duk wanda aka ji yana gurzawa kamar da yashi a ciki, ko yana da wasa gefe da gefe, ya gama aiki. Wanda aka ciro daga kan shaf da fula, wato abin jan boris, ko da yana da kyan gani, bai kamata a mayar da shi ba, saboda ƙarfin ciro shi yakan bi ta kan ƙwallayensa ya bar musu tabo. Sannan a sa yatsa a cikin mazaunin kowane boris a jikin akwatin, idan ya yi sheƙi kamar madubi ko boris yana faɗawa ciki ba tare da an matsa shi ba, to akwatin ne ya buɗe, kuma sabon boris kaɗai ba zai magance shi ba.

Mutane da yawa sukan tsaya a babbar giya su ƙyale cikin difarenshiyal, alhali nan ne ake samun ɓarnar da tuƙi cikin yashi ko taɓo ke haifarwa. Duk lokacin da taya ɗaya ta riƙa juyawa a banza ɗayar tana tsaye, ƙananan giyoyin ciki suna gudu a kan sandarsu fiye da yadda aka yi su domin shi, sai sandar ta yi gurbi, woshan da ke bayansu su siraice. Tayoyin baya da girmansu ya bambanta, ko ɗaya ta fi ɗaya iska sosai, su ma suna sa waɗannan giyoyi aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya. Shaf ɗin taya kuma a mirgina shi a kan teburin ƙarfe mai shimfiɗa a ga ko ya tanƙware, a duba haƙoran bakinsa ko sun murɗe, a shafa wurin da leɓen sil yake zama, domin idan ya yi zobe mai zurfi, sabon sil ma zai yi yoyo. Wannan dubawa ta difarenshiyal da shaf ta shafi masu gyaran keke mai ƙafa uku na lantarki da ya fara shigowa garuruwanmu, domin shi ma injinsa a jikin bak-aksil yake, lodin da ake yi masa kuwa ya fi na waɗannan motoci.

Wajen mayarwa, a sayi boris bisa lambar da ke rubuce a jikin tsohon, daga wurin wanda aka amince da shi, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Idan ana sa shi a kan shaf, zoben ciki ake dannawa, idan kuma a cikin akwati ne, zoben waje, ba a bugun ɗaya domin ɗayan ya shiga. Sil sabo ake sawa, leɓensa yana kallon ɓangaren mai, a shafa masa ɗan mai kafin shaf ya ratsa shi. Gam ɗin haɗa akwati siririn layi ya isa, wanda aka lafta da yawa yakan matso ciki ya gutsure ya shiga boris. Notunan akwatin a ɗaure su a hankali ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, da sifanar awon ƙarfi bisa adadin da littafin motar ya faɗa, saboda zaren da ke cikin alminiyon ba ya jure ƙarfin damtse, kuma kafin a gama ɗaurewa a juya shaf ɗin shiga da hannu a tabbatar komai yana tafiya sumul. Bayan an mayar da zoben kilif, a kama shaf ɗin taya a fizge shi waje da ƙarfi, domin zoben da bai zauna cikin raminsa ba yana iya barin taya ta fice tare da shaf ɗinta ana cikin tafiya.

Mai kuma ba kowanne ake zubawa ba don kawai sunansa man giya. Akwatin Club Car da na ambata man inji mai lamba SAE 30 aka ƙayyade masa, wasu motocin Yamaha Drive kuwa birkinsu a cikin akwatin yake yana wanka cikin mai, saboda haka suna bukatar mai na musamman da ya dace da irin wannan birki, idan aka zuba wani daban birkin zai riƙa kuka yana fizga. A irin akwatin da yake da notin awo a gefe, a tsayar da motar a wuri mai daidai a zuba har man ya kawo bakin ramin, a tsaya nan, domin abin da ya wuce haka ta bakin sil zai fita ya jiƙa birki. A shafa ɗan giris kaɗan a mahaɗar injin, a mayar da 'yar robar nan mazauninta. Gwajin farko a yi shi tayoyin baya suna sama, a taka a hankali gaba da baya ana saurare, kada a take totur har ƙasa, domin injin lantarki irin na tsofaffin motoci idan ba shi da nauyi a kansa yana iya yin gudun da zai lalata cikinsa. Bayan nan a sauke motar a zagaya da ita na 'yan mintoci, a sha kwana dama da hagu, a dawo a ɗora tafin hannu a jikin akwatin kusa da kowane boris a ji ko wani wuri ya fi sauran zafi, sannan a shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe a duba ko akwai ɗigon mai kafin a mayar wa mai ita.